Daga Kano Zuwa Jidda: Darasin Kimiyyar Da Ake Bari A Ƙofar Aji

Kowace shekara idan aka ƙare aikin Hajji alhazai suka fara komowa gida, akwai wata magana da takan zaga majalisu da zaurukan garuruwa irin su Bebeji da Kiru da Tudun Wada, har zuwa ƙauyukan Doguwa da ke gindin duwatsun Riruwai. Maganar kuwa ita ce, wai dawowa daga Jidda ta fi zuwa sauri nesa ba kusa ba. Alhaji zai ce a tafiya sun tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare ba su sauka ba sai gab da asuba, amma a dawowa sun tashi da ƙarfe goma na dare, kafin ƙarfe ɗaya sun riga sun taka ƙasar Kano. Waɗansu sukan ce ai ɗokin gida ne, waɗansu su ce direban jirgin ne ya ƙara wuta, waɗansu kuma da suka ɗan taɓa boko su ce duniya ce take juyawa a ƙarƙashin jirgin, ta jawo masa Kano kusa. A cikin masu sauraro ba a rasa ɗalibin sakandare wanda ba a daɗe da koya masa layukan taswira da lissafin lokaci ba, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa amsar wannan gardama tana cikin littafinsa ba.

Wannan shi ne abin takaicin. Tafiyar jirgin sama daga filin jirgi na Malam Aminu Kano zuwa filin jirgi na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, tafiya ce da kusan kowane gida a ƙasar Kano yake da labarinta. A cikinta akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, akwai ilimin yanayi, akwai kuma ilimin halittu. Duk da haka malamai da yawa sukan bar ta a ƙofar aji, su shiga su cika allo da misalan garuruwan da ɗalibi bai taɓa jin sunansu ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata makarantun sakandare, musamman na karkara inda kayan gwaje-gwaje suka yi ƙaranci, su mayar da wannan tafiya ta zama darasi. Yin haka zai taimaki ɗalibi a jarrabawa, zai kuma taimaki tsohon da ke shirin hawa jirgi karo na farko a rayuwarsa.

Yadda Ake Auna Nisa

Duniya dunƙulalliya ce, kewayenta kimanin kilomita 40,000. Da yake kowace da'ira tana da digiri 360, idan aka raba za a ga digiri ɗaya a doron ƙasa ya kama kimanin kilomita 111. Wannan adadi ba baƙo ba ne ga mutumin kudancin Kano. Birnin Kano yana kan layin latitud na 12 arewa da ikwaita, shi kuwa layi na 11 ta cikin dajin Falgore ya ratsa. Ke nan wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada ya shiga Falgore, ya sauko digiri guda cur daga arewa zuwa kudu, ko da yake titin da ya bi ya fi kilomita 111 saboda kwane-kwane.

Filin jirgin Kano yana kusa da digiri 12 arewa da digiri 8 da rabi gabas. Na Jidda kuma yana kusa da digiri 21 da rabi arewa da digiri 39 gabas. Idan aka lissafa kusurwar da ke tsakanin wuraren biyu daga tsakiyar duniya, za a sami digiri 31 ba kaɗan. A ninka da 111, sai a sami kimanin kilomita 3,400. Watau nisan Kano zuwa Jidda daidai yake da a jera nisan Kano zuwa Falgore sau talatin da ɗaya.

Ɗalibin da lissafin kusurwa ya yi wa nauyi yana iya samun wannan amsa da zare. A ɗauki dunƙulen taswirar duniya, a ɗora bakin zare a kan Kano, a ja shi ya miƙe sosai zuwa Jidda, a yanke. Sa'an nan a shimfiɗa zaren a kan layin ikwaita a ƙirga digirin da ya rufe. Zaren nan zai nuna wani abu kuma, watau hanyar da ta fi kowace gajarta. Za a ga ya bi ta kan Jigawa da Yobe, ya gitta yankin Tafkin Chadi, ya ratsa ƙasar Chadi, ya ƙetare kogin Nilu a arewacin Sudan, sa'an nan ya tsallake Bahar Maliya. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na hanyar a sararin samaniyar Sudan yake.

Har ila yau zaren zai nuna cewa daga Kano ba gabas sak ya nufa ba, ya ɗan karkata arewa. Wannan ita ce alƙibla. Daga Kano, Ka'aba tana kan kusurwar digiri 68 idan aka fara ƙirga daga arewa zuwa gabas, watau digiri 22 arewa da gabas ta sosai. Akwai kuma hanyar tabbatar da ita ba tare da kamfas ba. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai saman Ka'aba, a ranar 27 ko 28 ga Mayu da misalin ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da kuma ranar 15 ko 16 ga Yuli da misalin ƙarfe 10:27. Duk wanda ya kafa sanda a tsaye a wannan lokaci, inuwarta za ta kwanta a kan layin alƙibla, tana nuna bayan mai salla. Gwaji ne da ba ya bukatar ko kwabo.

Lokaci Da Agogo

Jiragen fasinja na zamani sukan yi gudun kimanin kilomita 850 a sa'a idan sun daidaita a sama. Da irin wannan gudu, jirgi zai wuce daga saman Kano zuwa saman Falgore cikin minti takwas. A raba 3,400 da 850, sai a sami sa'a huɗu. A ƙara lokacin hawa da na sauka, inda jirgi yake rage gudu, da ɗan kewayen da hanyoyin sama sukan yi, sai tafiyar ta kama sa'a huɗu da rabi ko kusa da haka, idan an bi miƙaƙƙiyar hanya.

To, ina bambancin zuwa da dawowa ya fito? Mafi yawansa daga agogo ne. Duniya tana juya digiri 360 cikin sa'a 24, watau digiri 15 a kowace sa'a, ko digiri ɗaya a minti huɗu. Da yake juyawar daga yamma zuwa gabas take, na gabas kan riga na yamma ganin rana. Masu azumi sun san wannan sarai, domin kuwa mutanen Maiduguri sukan riga na Kano shan ruwa da kusan minti ashirin, na Kano kuma su riga na Sakkwato da fiye da minti goma. Tsakanin Kano da Jidda akwai digiri 30 da ɗoriya daga yamma zuwa gabas, saboda haka agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da sa'a biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano ƙarfe 10 na dare ya yi sa'a huɗu da rabi, zai sauka agogon hannun Alhaji yana nuna 2:30, na bangon filin jirgin Jidda kuwa yana nuna 4:30. A dawowa, wanda ya tashi ƙarfe 10 na dare agogon Jidda zai sauka Kano ƙarfe 12:30. Mai bin agogon bango zai ga zuwa ya ci sa'a shida da rabi, dawowa kuma sa'a biyu da rabi, alhali kuwa zaman da ya yi a kujera ɗaya ne.

Batun cewa duniya tana juyawa a ƙarƙashin jirgi ba shi da tushe. A daidai Kano, doron ƙasa yana tafiya gabas da gudun fiye da kilomita 1,600 a sa'a, amma iskar da ta lulluɓe duniya tare suke tafiya, haka kuma jirgin da ya tashi daga ƙasa da wannan gudun ya tashi. Da ba haka ba, da shaho ya tashi sama a Bebeji ya ɗan jima, sai ya sauko a Sakkwato. Misalinsa kamar mutum ne a cikin mota tana gudu ya wurga lemo sama, lemon hannunsa zai dawo.

Abin da yake kawo bambanci na haƙiƙa shi ne iska. A can sama inda jirage ke bi akwai iskoki masu ƙarfi, kuma alƙiblarsu tana sauyawa da yanayin shekara. A kan wannan hanya, da sanyi sun fi busowa daga yamma, da damina kuma daga gabas. Alal misali, idan iska mai gudun kilomita 100 a sa'a tana tura jirgi daga baya, gudunsa a kan ƙasa ya zama 950, tafiyar kilomita 3,400 ta koma sa'a uku da minti 35. Idan kuwa gaba da gaba suke da ita, gudun ya ragu zuwa 750, tafiyar ta kai sa'a huɗu da rabi. Da yake watan Zulhajji yana zagaya yanayin shekara, Alhajin da ya je da sanyi da wanda ya je da damina ba lalle ba ne labarinsu ya zo ɗaya.

Bayan iska akwai halin da ƙasashe suke ciki. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023 ya sa aka rufe sararin samaniyar ƙasar, ga shi kuwa ana gab da fara jigilar maniyyata. Dole jiragen Nijeriya suka kewaya ta waɗansu ƙasashe a wannan shekara, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗin jigila ma ya ƙaru. Ɗalibin da ya taɓa ɗora zare a kan taswira ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya gane yadda rikicin Khartum ya taɓa aljihun manomin Kiru.

Hanyar Da Kakanni Suka Bi

Wannan nisa da ake cinyewa tsakanin lisha da asuba, shi ne wanda kakanni suka riƙa takawa da ƙafa da jakuna da raƙuma. Sukan bi ta Barno, su shiga Wadai da Darfur da Kurdufan, su ƙetare Nilu, su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan su shiga jirgin ruwa. Sukan tsaya a hanya su yi noma ko ƙodago su tara guzuri, har tafiyar takan ɗauki shekaru. Da yawa ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Sudan. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ya samo asali ne daga jama'ar da suka ci gaba da hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano ma kusan wannan hanya suka biyo, sai dai su daga gabas suka taho. Jirage uku ne na sojan saman Ingila, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. Sun tashi daga Helwan kusa da Alƙahira ranar 27 ga Oktoba, 1925, suna yada zango a Sudan da Chadi, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, zamanin Sarkin Kano Usman. A 1936 aka fara zirga-zirgar jiragen haya tsakanin Khartum da Kano. Malamin lissafi yana da tambaya mai daɗi a nan: ayarin da ke cin kilomita 25 a yini, kwana nawa zai yi kafin ya cinye kilomita 3,400, ko da ba hutu ba kwana? Amsa ita ce kwana 136, fiye da wata huɗu.

Abin Da Jiki Yake Gamuwa Da Shi

A nan ne darasin ya fi shafar rai da lafiya. Jirgi yakan yi tafiya a tsayin mita 10,000 zuwa 12,000. A wannan tsayi sanyin waje yakan kai digiri 50 ƙasa da sifiri, matsin iska kuma bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wanda ke bakin teku ba. Mutum ba zai rayu a haka ba, shi ya sa ake matsa iska a cikin jirgin. Amma ba a mayar da ita daidai da ta ƙasa. Fasinja yana zaune ne kamar wanda ya hau dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos kuwa da ake ganin tudunta kimanin mita 1,200 ce. Saboda haka iskar oksijin da ke shiga jini daga huhu takan ɗan ragu. Mai lafiya ba zai ji komai ba sai ɗan kasala. Amma mai ciwon zuciya, da mai ciwon huhu, da mai ƙarancin jini, da mai cutar sikila, ya wajaba su ga likita su faɗa masa gaskiyar halinsu tun kafin ranar tashi.

Raguwar matsi tana sa iskar da ke kulle a cikin jiki ta kumbura. Ita ce ke sa kumburin ciki, ita ce kuma ke sa kunne ya toshe. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai iska, wanda wani siririn bututu ya haɗa shi da maƙogwaro. Lokacin sauka, matsin waje yana ƙaruwa ya danna dodon kunne ciki, har sai bututun nan ya buɗe iska ta shiga. Haɗiyar yawu da hamma da tauna su ne ke buɗe shi, shi ya sa ake son a shayar da jariri a lokacin sauka, mai mura kuma ya fi kowa shan wahala. Wanda ya rufe robar ruwa marar komai a sama ya duba ta bayan an sauka, zai tarar ta lotse. Abin da ya sami robar shi ne ke neman samun kunne.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, laimarta takan gaza kashi 20 cikin ɗari, kamar tsakiyar hunturu a Kano lokacin da leɓe ke tsagewa. Ga shi kuma tsofaffi da yawa sukan ƙi shan ruwa tun daga sansanin alhazai, wasu don gudun shiga bayan gidan jirgi da ba su saba da shi ba, wasu don tsare alwala. Wannan kuskure ne mai hatsari ga wanda zai sauka a ƙasa mai tsananin zafi ya shiga ɗawafi da sa'ayi.

Sai kuma dogon zama. Jinin da ya sauka ƙafa ba bugun zuciya kaɗai ke mayar da shi sama ba. Naman sha-raɓa ne yake matsa jijiyoyi duk lokacin da mutum ya taka, ya tura jinin sama. Idan aka daɗe a zaune ƙafa a lanƙwashe, jini yakan yi kwance a jijiyoyin ciki, wani lokaci ya daskare ya zama guda. Idan gudan ya ɓalle ya tafi huhu, yana iya kisa. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 ya nuna cewa hatsarin wannan cuta yakan ninka bayan tafiyar sa'a huɗu ko fiye a zaune, ko da yake duk da haka bai wuce kimanin mutum ɗaya cikin 6,000 ba. Abin lura shi ne binciken bai ware jirgin sama ba, mota da jirgin ƙasa duk ɗaya ne. Maniyyacin da ya taso daga Riruwai ya riga ya yi sa'o'i a matse cikin mota kafin ya iso Kano, ya yi zaman jira a sansani da filin jirgi, sa'an nan bayan ya sauka ga wata motar zuwa Makka ko Madina. Zaman jirgin guntu ne kawai a cikin doguwar sarƙa. Maganin kuwa mai sauƙi ne: a riƙa motsa idon sawu, a ɗaga dunduniya a sauke, a miƙe a taka idan an sami dama, a sha ruwa.

Daɗin daɗawa, jiki yana da agogonsa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke karɓar labarin haske daga ido, ya tsara lokacin barci da farkawa da zafin jiki da fitar sinadarin melatonin mai jawo barci. Masana uku na Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun sami kyautar Nobel a 2017 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan agogo, ta hanyar nazarin ƙananan ƙudajen da ke bin 'ya'yan itace. Agogon jiki ba ya gyaruwa da murɗa maɓalli, yakan matsa ne kimanin sa'a ɗaya a kwana. Bambancin sa'a biyu na Saudiyya ba ya wahalarwa sosai, sai dai mai shan maganin ciwon sukari ko hawan jini a kan lokaci ya kamata ya san da shi, ya kuma ajiye maganinsa a jakar hannu. Amma ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya tafi Gwangzu a ƙasar Sin, nisan kusan kilomita 11,000 da bambancin sa'a bakwai, yakan yi kwanaki yana gyangyaɗi da rana yana ido biyu da dare.

Matafiyan Da Ba Su Da Fasfo

Malamin ilimin halittu yana da wata ƙofa kuma. Tun kafin a ƙera jirgi, tsuntsaye ke yin irin wannan tafiya. Shamuwa da manoma ke murna da ganinta a farkon damina, tana yin sheƙa a bishiyoyin gari ta ƙyanƙyashe, idan kaka ta yi sai ta ƙetare ikwaita zuwa gabashi da kudancin Afirka. Da hunturu kuma tsuntsaye iri-iri daga Turai da Asiya sukan ƙetaro Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, wanda wani ɓangare na ruwansa daga kogin Kano yake, kogin da aka datse a Tiga cikin ƙasar Bebeji a farkon shekarun 1970.

Man da tsuntsu yake tafiya da shi kitse ne. Giram ɗaya na kitse yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na abin da giram ɗaya na sitaci yake bayarwa, kusan daidai da kananzir ɗin da jirgi ke sha. Waɗansu ƙananan tsuntsaye sukan ci abinci har nauyinsu ya kusa ninkawa kafin su tunkari hamada. A watan Oktoba na 2022, wani tsuntsun bakin teku mai dogon baki da aka ɗaura wa na'urar bin sawu ya tashi daga Alaska ya sauka Tasmaniya, kilomita 13,560 cikin kwana 11 ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Nisan Kano zuwa Jidda ke nan sau huɗu.

Uzurin Da Akan Kawo

Wani malami zai ce manhaja ta yi yawa, jarrabawa kuma tana tafe, ba lokacin hira. Amsa ita ce lissafin latitud da lonjitud yana cikin manhajar lissafi ta babbar sakandare, lissafin bambancin lokaci yana cikin labarin ƙasa, matsin iska yana cikin fiziks, zagayawar jini da numfashi suna cikin ilimin halittu. Ba sabon darasi ake nema a ƙara ba, misali kawai ake nema a sauya. Ɗalibin da ya warware tambaya a kan Kano da Jidda ya gane ta, ba zai rikice ba idan takardar jarrabawa ta kawo masa waɗansu garuruwa.

Wani zai ce babu kayan aiki. Wannan uzuri yana da ƙamshin gaskiya, domin makarantu da yawa a karkara ba su da ɗakin gwaji mai amfani. Amma Iratostinis, masanin Iskandariyya, da inuwa ya auna kewayen duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce, inda ya kwatanta tsayuwar rana a garinsa da ta Aswan. Makaranta a Bebeji da wata a Riruwai suna iya maimaita wannan, domin tsakaninsu akwai kusan digiri guda. Idan kowace ta kafa sanda mai tsawon mita biyu a tsaye sak a ƙarshen watan Disamba, ta auna inuwa mafi gajarta da tsakar rana, za a ga ta Bebeji ta fi tsawo da santimita huɗu zuwa biyar. Daga wannan ɗan bambanci ake fitar da kusurwa, daga kusurwa da nisan garuruwan biyu a fitar da girman duniya. Malaman biyu wayar hannu kawai suke bukata su haɗa sakamako.

Akwai kuma mai fargabar kada a ce an cuɗanya ibada da boko. Tarihi ya riga ya amsa wannan. Wajen shekara ta 830 Miladiyya, Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana filin Sinjar su auna tsawon digiri ɗaya a doron ƙasa. A 1025 kuma Albiruni ya rubuta littafi sukutum a kan ƙayyade matsayin garuruwa, manufarsa ita ce gano alƙiblar birnin Gazna. Neman alƙibla da lokutan salla na cikin abubuwan da suka haɓaka ilimin lissafin kusurwoyi.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Da farko, malaman lissafi da labarin ƙasa da fiziks da ilimin halittu na kowace makaranta su haɗa kai su ware mako guda a shekara, gab da tashin maniyyata, kowa ya koyar da nasa ɓangaren a kan wannan tafiya. Ɗalibi zai ga cewa darussan da ake raba masa a jadawali a zahiri abu guda suke bayani.

Na biyu, a ba ɗalibai aikin gida na tattara bayani. Kowa ya tambayi Alhaji ko Hajiyar unguwarsu shekarar da suka je, da lokacin tashi da na sauka, zuwa da dawowa. A aji a cire sa'a biyu inda ya kamata, a ƙara inda ya kamata, a ga abin da ya rage. Wannan shi ne bincike na kimiyya tun daga tushe: a tattara, a tace, a kwatanta.

Na uku, ƙungiyoyin kimiyya na makarantu su rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa, da boko da ajami, a kan shan ruwa da motsa ƙafa da toshewar kunne da lokacin shan magani, su nuna wa ma'aikacin lafiya ya duba, sa'an nan su miƙa wa masu gudanar da bitar maniyyata a ƙananan hukumominsu. Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano tana da malamai da likitoci, amma tsohuwa takan fi sakin jiki ta yi tambaya idan jikarta ce ke yi mata bayani a tsakar gida.

Na huɗu, hukumomin ilimi da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su tabbatar kowace sakandare tana da dunƙulen taswirar duniya ko da guda ɗaya ne, a kuma fito da shi daga ofishin shugaban makaranta a kai shi aji, inda hannun yara zai taɓa shi.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Ɗalibin Doguwa ko Tudun Wada ba sai ya jira ranar da zai hau jirgi ba kafin wannan mabuɗi ya yi masa amfani. Da zare da sanda da agogo, da malamin da ya yarda ya fara daga abin da yara suka sani, yana iya auna hanyar tun yana aji, ya kuma sallami kakansa da shawarar da za ta taimaka masa ya je lafiya ya dawo lafiya.